Muryar Umma a Cikin Gem

Ina tsaka da tsaga wa wata kwastoma gashi na ji muryar uwata ta fito daga cikin wayarta.

Matar ma'aikaciyar banki ce. In ta zo shagona takan duƙufa a kan waya har in gama, ko sannu ba ta cika yi min ba. Ran nan wani gem take bugawa, tana ta ƙyaƙyata dariya ita kaɗai, kai sai rawa yake, tsaga tana karkace min. Na ce, "Anti, don Allah ki tsayar da kan nan wuri ɗaya. In kitso ya fita a karkace ba ruwana."

Ta ce, "Yi haƙuri. Amma tsaya ki ji wannan, wallahi sai kin yi dariya."

Ta ƙara ƙarar wayar ta ɗago min ita. Wasu 'yan mutane ne ƙanana sanye da tufafi ruwan toka, sun durƙusa a layi suna rera wata waƙa ta hanci, a hankali, ba kalmomi. Waƙar ta ƙare, aka yi shiru. Sai wata tsohuwa ta yi ɗan tari ta ce, "Wash! Gwiwata. Kai, tsufa bai yi ba."

Matajin ya suɓuce daga hannuna. Ko cikin barci aka tashe ni na san wannan tarin, na san wannan wash ɗin. Umma ce.

Matar ba ta ma lura ba, bayani take ta zuba min. Wai sunan gem ɗin Kafa Naka. Kai ne za ka ƙirƙiro addininka, ka zaɓi hular da za a sa, ka zaɓi abincin da za ka haramta, ka yi ta tara mabiya. In mabiyanka kaɗan ne, hukumar cikin gem ɗin ta buga maka hatimin ƙungiyar asiri ta aiko a kama ka. In sun yi yawa, hukumar nan dai ta buga maka hatimin addini, har ta ba ka ranar hutu. Ta ce, "Amma duk ba wannan ne daɗin ba. In ka bar su suka gama waƙar ba ka taɓa komai ba, sai tsohuwar nan ta yi magana. A ofishinmu yanzu ko manaja zai tashi daga kujera sai ya ce wash, gwiwata."

Ban san yadda na ƙarasa mata kitson ba.

Mu biyu Umma ta haifa, ni da take kira Babba, da ƙanena Auta. Auta aikin sauti yake yi a wani ƙaramin kamfanin masu haɗa gem. Shi ke sa ƙarar takalmi da ta ƙofa da kukan tsuntsu, aikin da har yau na kasa yi wa dangi bayaninsa. Ita kuwa Umma, tun bayan rasuwar Baba ta shiga cikin wasu mutane da ke kiran kansu Masu Sauraro. Ba zan yi musu ƙarya ba, lokacin da muka koma kan ayyukanmu muka bar ta da bango huɗu, su suka zo. Su yi mata shara, su yi wanki, su zauna da ita har yamma. Kafin mu farga ta yi gyale ruwan toka, ta daina zuwa bikin dangi, magana ɗaya biyu sai ta ce Jagora ya ce. Na yi faɗa har na gaji. In na ce ƙungiyar asiri ce, ta ce ita hanyar tsira ta samu, kuma bakina ne zai kai ni wuta.

Abu biyu na sani game da mutanen nan, kuma su suka tayar min da hankali. Waƙar nan sunanta Waƙar Ciki, haramun ne wanda ba nasu ba ya ji ta. Wanda kuma ya yi babban laifi, akwai inda suke sa shi, suna ce masa ɗakin wanki. Ba abinci, ba magani, ruwa kawai, har sai Jagora ya ce zuciya ta yi fari. Umma kuwa ciwon sukari gare ta mai tsanani. Likita ya ja mana kunne, kar ta tsallake allura, kar ta tsallake abinci.

Na kira wayarta, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na ja ƙofar shago na tari mota sai ofishin su Auta.

Ofishin nasu ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya. Na same shi a wani ɗan lungu da suka manne bangonsa da soso, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, yana murza ledar biskit a gaban makirfo. Na fizge abin daga kansa.

"Kai, don ubanka, me ka yi wa Umma?"

Ya yi tsuru-tsuru. "Yaya, lafiya?"

"Wash, gwiwata! Ka gane ko in ƙara maka?"

Sai ya zauna daɓas. Ya fara rantse-rantse, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Wai an ce ya kawo waƙar ibada da ba ta kowane addini ba, don kar a taɓa kowa a jawo fitina. Ya nema ya rasa. Ran nan ya je gaishe da Umma, ya tarar ta durƙusa a ɗaki tana rerawa, ba ta san ya shigo ba, sai ya danna ɗauka a wayarsa. Ya ce ya sauya muryar, ya ninka ta har ta zama ta mutum da yawa, ko ita ba za ta gane ba.

Na ce, "To wash ɗin fa?"

Ya dafe kai. Ya ce su masu aikin sauti ba sa yanke ƙarshen abin da suka ɗauka ƙaf, sukan bar ɗan shirun ɗakin a jiki don kar sauti ya katse kamar an datse shi da almakashi. Shi ya bar jelar ne yadda take, da wash ɗin a ciki, da niyyar ya dawo ya gyara. Masu gwaji kuma ba wanda ya taɓa zama har waƙar ta ƙare, kowa dannawa yake ya wuce. Ya ce, "Tun shekaranjiya na cire, wallahi na cire. Amma yana nan a wayar duk wanda bai sabunta gem ɗin ba, kuma mutane sun riga sun yanko wurin suna ta turawa."

"Tun shekaranjiya ka sani? Ka sani ka yi shiru kana murza leda?"

"Na ɗauka Masu Sauraro ba za su gani ba, Yaya. Ba sa buga gem."

Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, sai na ga leɓensa na karkarwa kamar lokacin da yake yaro. Na sauke. Na ce ya tashi mu tafi.

Ɗakin Umma a buɗe muka same shi. Tsintsiya na yashe a tsakar ɗaki, shara a tare ba a kwashe ba, kofin shayinta ko rabi ba ta sha ba. Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce da safe wasu mata masu gyale ruwan toka suka zo da mota, suka tafi da ita. Ta ce ba ja ba faɗa, har ɗaya ta riƙe mata takalmi. Na buɗe firij. Allurarta na nan a inda take ajiyewa, kusa da ƙwai, irin mai kama da biro ɗin nan. Na ɗauka na jefa a jaka.

Muka biya ofishin 'yan sanda. Wanda muka samu a kanta mutum ne mai furfura, ya saurare ni tsaf, ban yi zaton haka ba. Da na gama ya ce, "Ɗaure ta suka yi?"

"A'a."

"Ta yi ihu?"

"Ba ta yi ba. Amma ranka ya daɗe, ƙungiyar asiri ce!"

Ya ce, "'Yar uwa, wa ya ce? Suna da rajista, suna da allo a ƙofa. Ni nan ba wanda ya ba ni ma'aunin da zan auna in ce wannan addini ne, wancan ƙungiya ce. Kowa ya zo nan nasa ne addini, na maƙwabcinsa ne asiri. Babbar mace ta tafi wurin ibadarta da ƙafarta, in je in ce me?"

Na ce, "Ka ce za su kashe ta da yunwa."

"In wani abu ya faru, ki dawo."

In wani abu ya faru. Na fito ina zaginsa a zuci, amma tsoro ya fi ƙarfin fushin. Rana ta take, kuma tun safe ba abin da ya shiga cikin matar nan sai kurɓin shayi.

Gidan Masu Sauraro tsohon sito ne a bayan tashar mota, an shafe shi da farin fenti, an jera tukwanen fure a bakin ƙofa. Na sha wucewa ta wurin ina tsaki, ban taɓa shiga ba. Na zaci za a hana mu. Ina! Wani saurayi ya yi mana maraba har da russunawa, ya kai mu wani babban zaure mai sanyi. Mutane sun cika shi, duk a zaune a ƙasa, ba mai ko tari. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan a ce ihu suke yi.

Umma na gaba, ita kaɗai a kan tabarma, kanta a sunkuye. Na ce, "Umma!" Ko motsi ba ta yi ba.

Jagora na zaune a kujerar roba. Na daɗe ina zana shi a raina da jajayen idanu da ƙaton rawani. Ashe ɗan siririn mutum ne mai tabarau, kamar malamin firamare, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya dubi Auta ya yi murmushi.

"Kai ne mai sautin? Sannu da aiki. Na buga gem ɗinku, ai sai da na kai inda ake ba da ranar hutu. Akwai basira a ciki."

Auta ya zube a gabansa. "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ba ta sani ba, wallahi ba ta san na ɗauka ba. Kuma ba da ku muke ba, wasa ne kawai, ba mu ambaci sunan kowa ba."

Jagora ya ce, "Na sani, ɗana. Ba mu da ƙara a kanka. Kai na waje ne, na waje ba ya laifi, don bai san komai ba. Ku kuna cewa yawan mabiya ne ke raba addini da ƙungiya. Mu ba mu damu da sunan da za a ba mu ba. Amma waƙa amana ce. Ita aka ba, a bakinta ta fita. Yau ana rera ta a tasha, ana dariya."

Na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, ni ban zo muhawara ba. Matar nan ciwon sukari gare ta. In ta wuni ta kwana ba abinci ba allura, gawarta za ku fitar. Ka kira abinku duk sunan da ka ga dama, ni dai ka ba ni uwata."

Zauren ya ɗan motsa, kamar ba a taɓa ɗaga murya a cikinsa ba. Shi ko gezau. Ya nuna ƙofa da tafin hannu.

"Ga ƙofa can a buɗe. Ba mu taɓa riƙe kowa ba. Uwa, 'ya'yanki sun zo. In kina so ki bi su, ki tashi ki bi su, ba mai cewa komai."

Na durƙusa a gabanta na kama hannunta. Sanyi ƙalau, ga gumi a goshinta. Na ce, "Umma, kin ji. Tashi mu tafi. Don girman Allah tashi. In kin ci abinci kin yi allura, gobe ni da kaina zan dawo da ke."

Ta ɗago ta dube ni. Ban ga fushi a idonta ba, ban ga komai ba. Ta ce, "Babba, sakar min hannu. Ƙazanta ce a jikina, kina so in mutu da ita?"

Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta cije leɓe, ko wash ɗin ba ta bari ya fito ba. Wata ƙatuwar mata mai makullai a ɗaure a ƙugu ta zo ta kama ta, suka bi ta wata ƙaramar ƙofa a bayan zauren. Na bi su da gudu, maza biyu suka tsaya a gabana, ba su taɓa ni ba, ba su kuma matsa ba. Auta na kuka wiwi kamar ba namiji ba.

Na juyo na ce wa Jagora, "To a ba ta allurarta kawai." Na fito da ita daga jaka.

Ya girgiza kai. "Ɗakin wanki ba ya karɓar abin waje."

"To ni a bar ni in zauna da ita."

"Ba ya karɓar na waje." Ya gyara tabarau. "Sai dai in na wajen ya zama na ciki. Wanda ya karɓi gyale ya durƙusa, yana iya raka ɗan uwansa wanki. Lada ne babba."

Na dube shi, na gane sarai abin da yake yi. Ya san na gane, kuma bai damu ba. Na ce ya ba ni lokaci in je in sallami yarana.

A waje Auta ya riƙe min riga. "Yaya, kar ki shiga. In kika shiga ke ma ba za su sake ki ba."

Na ce, "Rufe min baki. Ka je ka ɗauko yara daga makaranta ka kai wa babansu. In gobe da rana ba ka ji daga gare ni ba, ku koma wurin ɗan sandan nan ku ce masa wani abu ya faru."

Ban je gida ba, shago na nufa. Na kulle kaina a ciki, na zauna gaban madubi. Na san za su caje jaka, za su laluba jiki. Na tsefe kaina, na ɗauko ƙarin gashi mai kauri, na fara kitsa shi da nawa ina naɗewa a tsakiyar kai kamar gammo. A cikin naɗin na kwantar da allurar, na cusa alewa a kewaye, na bi da zare da allurar ɗinki na ɗinke tsaf. Shekara da shekaru ina wannan sana'a, ban taɓa kitso da gaggawa haka ba, sai da na soki fatar kaina. Na girgiza kai da ƙarfi, ba abin da ya motsa. Na dubi matar da ke cikin madubi, tsoro ya cika mata ido.

Rana ta yi sanyi lokacin da na koma. Abin da na yi a zauren nan ba na son tuna shi. Na durƙusa a gaban mutumin da na fi tsana a duniya, ya faɗi kalmomi na maimaita, a zuci ina neman gafarar Ubangiji. Suka yafa min gyale ruwan toka mai warin sabulu. Mata suka zo suna rungume ni, wata har da hawaye, tana cewa ta daɗe tana yi min addu'a. Abin haushi, da gaske take.

Mai makullan ta karɓe wayata da jakata da 'yan kunnena. Ta laluba ni tun daga wuya har ƙafa, ta sa na cire takalmi ta leƙa ciki. Ta kai hannu ta gyara min gyalen a kan gammon gashin. Ta ce, "Kitsonki ya yi kyau, amma nan ba a ado. In kin fito za a tsefe." Na ce to.

Ɗakin wankin ɗan ƙarami ne, ba taga sai wata 'yar kafa can sama. Tabarma, bokitin ruwa, kofi, shi ke nan. Ta tura ni ciki, na ji makulli ya juya a bayana.

Umma na kwance a gefe, ta dunƙule. Na tallafo kanta na ɗora a cinyata. Jikinta sharkaf da gumi, hannunta na karkarwa, na san sukarin ne ya faɗi. Alewa take buƙata yanzu-yanzu, allura sai an jima. Na kasa kunne, na ji takun matar yana nisa.

Umma ta buɗe ido. Ta ga gyalen a kaina, sai fuskarta ta washe, irin murmushin da rabona da shi tun Baba na da rai. Ta ce, "Babba? Kin shigo? Ashe zan ga wannan rana."

"Na shigo, Umma. Yi shiru."

Ta ɗaga hannu tana shafa fuskata, ta shafa goshina, hannun ya wuce ƙarƙashin gyalen. Ni kuma ina ta ƙoƙarin tsinke zaren ta baya da farce. Na ji yatsunta sun tsaya a kan naɗin. Ta danna. Ta sake dannawa. Ita ta koya min kitso, ta san nauyin gashi, ta san abin da ba gashi ba.

Na raɗa mata, "Alewa ce da allurarki. Ba wanda zai sani. Guda ɗaya kawai za ki tsotsa, Umma, don Allah, don darajar Baba."

Murmushin ya ɗauke. Ta daɗe tana kallona, hawaye na gangarowa ta gefen idonta zuwa kunne. Na zaro alewa ɗaya na ɓare, na kai bakinta. Ta datse haƙora ta kau da kai.

Sai ta ture hannuna, ta ja jiki da gwiwar hannu har bakin ƙofa. Na kama ƙafarta ina cewa Umma, Umma, ki rufa mana asiri. Matar da ko zama ta kasa yi, ban san inda ta samo ƙarfin ba. Ta dunƙule hannu ta bugi ƙofar, ta sake bugawa.

Ta ɗaga murya ta ce, "Mai makulli! Zo ki caje kan yarinyar nan. Ta shigo da magani."

Na ji takun matar yana dawowa, makullai na kaɗawa a ƙugunta.